Jinin Sarkawa

Duk unguwar Tandabawi ta Makka an san Garba mai tsire da abu biyu, yajinsa da labarin kogi. Yajin dai gaskiya ne. Da la'asar in ya hura gawayi a bakin lungu, maza suka jeru a kan benci, sai ya fara. Shi Basarke ne daga Yawuri, kakansa ya kama dorina da hannu, shi kansa ya sha ƙetare Kwara da ninƙaya, kuma ruwa ba ya cin jininsu. A Makka da ba ta da ko tafki, wa zai ce masa ga ruwa nan, bismilla?

Mutum ɗaya ce ta san gaskiya, matarsa Yalwa. Basarke ne, ba ƙarya, amma a goye aka baro Yawuri da shi, ya girma a gonakin auduga na Sudan, can ya aure ta. Tare suka hau jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Ta ga gwarzon nan kwance a cikin jirgi, ya rungume ƙafarta, yana amai yana kiran uwarsa, har suka sauka bai ɗaga kai ya dubi teku ba. Shekara ashirin da wani abu ta riƙe wannan, ko aminiyarta Hajara ba ta taɓa ji ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma me ake nema a gidan aure in ba rufin asiri ba?

Ɗansu Lurwanu a Makka aka haife shi. Shi ne ɗan fari, shi kaɗai kuma ya rayu. Ya zama direban motar haya tsakanin Makka da Jidda, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa. Da yake ɗan fari ne, Yalwa ba ta taɓa kiran sunansa ba. Sai dai "kai" ko "yaron nan". Ba ta yabonsa, ba ta shiga maganarsa a gaban mutane, haka aka koya mata kunya. Amma Allah ya sani, in motarsa ta yi jinkiri abinci ba ya wuce mata.

A shekarar 1385 ta Hijira Lurwanu da abokansa suka sami wani tsohon jirgin katako mai inji a bakin tekun Shu'aiba. Duk Alhamis sai su tafi shan iska da jefa ƙugiya. Ba a ko yi shawara ba aka damƙa wa Lurwanu tuƙi, ai jinin Sarkawa ne. Yaron da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, sai na ambaliyar lungu in an yi ruwan sama.

Ana nan sai aka fara raɗe-raɗin za a kafa doka: duk mai son tuƙa jirgin shaƙatawa sai ya koyi iyo da halin teku, a jarraba shi, sannan a ba shi ruhsa, wato takardar izini. Mazan benci suka yi ta tsaki. Lurwanu ne ya kawo maganar gida, suna cin abincin rana.

"Ya abuya, akwai wani tsohon matuƙi a Jidda, ya fara koya wa mutane tun kafin doka ta fito. Na ce ko in je."

Garba ya ajiye lomarsa. "Ka je ina? Ɗan Basarke ya zauna gaban wani ya koya masa ruwa? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin yana jininka, ranar da ka buƙace shi zai fito. Halas, magana ta ƙare."

Lurwanu ya yi murmushi, har da ɗan jin daɗi. Tun yana ƙarami yake shan labarin nan, ya yarda da shi kamar yadda ya yarda da sunansa.

Da ya fita, Yalwa ta matso tana kwashe kwano. "Malam, ka bar yaron nan ya je. Ni da kai mun san Sawakin."

Garba bai dube ta ba. "In ya je, me zan ce wa mutane?"

Wannan ita ce duk hujjarsa. Yalwa ta ji haushinsa, ta kuma ji haushin kanta, don ta san akwai hanya ɗaya da ta rage, ta kira yaron gefe ta gaya masa ubansa maƙaryaci ne.

Ranar Alhamis da hantsi ta ƙulla masa gurasa da dabino. Ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula. Maganar ta taso har kan harshenta. To amma ta yaya uwa za ta tona mijinta a gaban ɗansa? Ta yaya kuma za ta nuna wa ɗan fari tana tsoron rasa shi? Ta miƙa masa ƙullin, ta kau da kai.

"Ma'assalama, ya ummi."

"A dawo lafiya," in ji ta.

Abokinsa Ɗan'auta ne ya dawo da labarin, ƙafafunsa duk yanka. Bayan azahar iska ta taso, jirgin ya hau kan dutsen murjani, ɗaya daga cikinsu ya faɗa ruwa. Dukansu suka juyo suna kallon Lurwanu. Shi kuwa ko ɗar bai yi ba, ya cire riga ya ce kada su ji tsoro, ruwa ba ya cin Sarkawa, ya yi tsalle. Wanda ya fara faɗawa ya kamo igiya ya hau. Lurwanu ya ɗago hannu sau ɗaya, shi ke nan. Masunta sun nema ba su sami gawa ba. Ba salla a Harami, ba kabari a maƙabartar Ma'ala, abin da iyayensa suka taka rabin duniya don su samu.

Ranar addu'ar uku maza suka cika lungu, mata suna ciki. Ta tagar langa-langa Yalwa tana jin komai. Wani dattijo ya gyara murya.

"Kun ga aya ke nan. Ɗan Basarke guda, wanda ya gaji ruwa kaka da kakanni, teku ta ɗauke shi. To wace ruhsa ce za ta hana? Wane koyo? Ajali ne kawai."

"Haka ne," in ji Garba, muryarsa a dushe.

Wani ya ƙara da cewa samari ma sun ce za su gyara jirgin, kada a ce sun tsorata.

Yalwa ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Hajara ta kama mayafinta, ta fizge, ta fito tsakiyar maza.

"Bai iya iyo ba," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba. "Ubansa ma bai iya ba. Da idona na gani a jirgin Sawakin. Lurwanu ya roƙa a bar shi ya koya, aka hana shi, ni kuma ina zaune na yi shiru. Lurwanu bai gaji komai ba sai labari."

Garba ya sunkuyar da kai yana jan carbi, can ya ce a hankali, "Ku yi mata uzuri, zafin rashi ne."

Aka yi mata uzurin kuwa, da gaggawa, kowa ya sami sauƙi. Mata suka ja ta ciki, maza suka shafa fatiha. Kafin sati ya zagayo an gyara jirgin, Garba ya koma bakin gawayinsa. Maganar iyo ba wanda ya sake tayar da ita. Abin da matan Tandabawi suka riƙe, suna faɗa suna riƙe baki, shi ne Yalwa ta kira sunan ɗan fari har sau biyu a gaban maza.

Ita kuwa tunda bakin ya buɗe bai sake rufuwa ba. Tana tankaɗe, tana wanki, sai a ji ta ce "Lurwanu", a fili, yadda ake kiran mutum ya zo ya ci abinci. Shekara ashirin da biyu yana gidan bai taɓa jin sunan daga bakinta ba.