Ƙayar Mongara

Shekara hamsin da biyu ina auren Seitoku, ban taɓa ganin kifi ya ba shi kunya ba sai Talatar nan.

Tun bazara ɗanmu Morihide ya ja mini kunne. "Inna, ranar da kika ga Baba ya sake rikicewa, ki kira ni in karɓe makullin jirgin ruwansa. Gara ya yi fushi da ni da a ce ana nemansa a teku." Na ce to. Amma mene ne rikicewa? Ni ma nan sai in shiga kicin in rasa abin da ya kai ni.

Da hantsi Seitoku ya dawo daga duwatsun murjani na bayan tsibiri da mongara ɗaya tal a bokiti. Kifi mai kwalliyar banza: ciki baƙi da manyan ɗigon fari, ɗan tsukakken baki rawaya, haƙora kuwa na fasa ƙaguwa. Ƙayar bayansa a miƙe take. Kowa a tsibirinmu na Irabu ya san ko ƙato bai kwantar da wannan ƙaya da ƙarfi, sai an danna ƙaramar da ke bayanta.

Na same shi a bakin famfo yana kokawa da babbar, yatsansa duk jini.

"Baban Morihide, me kake yi haka?"

"Wannan kifin da taurin kai yake. Ƙayar ta ƙi kwanciya."

"Ka daina mini wasan nan."

Ya ɗago ya dube ni. Na nemi wasan a idonsa, na rasa ko yana nan ko babu. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana tsokanata, fuska a murtuke. Na tsaya ina jira ya fashe da dariya, famfo na ta zuba. Tsoro ya kama ni.

Na sa yatsa na danna ƙaramar, ƙayar ta kwanta.

"Ke kam akwai dabara," in ji shi. "Wa ya koya miki?"

"Wani saurayi ne, a bakin ruwa."

"Ya iya kifi," ya ce, ya shige ɗaki. Alhali shi ne saurayin.

Na feɗe kifin, na ɗora miya, na sauke. Sau uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa. A na huɗu na kira.

"Inna, lafiya dai?"

"Lafiya lau. Gobe ka zo ka sha miyar kifi."

"Da rana?"

"Da sassafe, kafin babanka ya fita."