Gurasar Torpekai

Shekarar da gwamnatin 'yan gurguzu a Kabul ta fara ƙwace gonaki tana rabawa, duk wanda aka gani da tabarau da alƙalami a ƙauyen Kala Zard ya zama kafiri. Baryalai kuwa yana da duka biyun, ga taurin kai na tsiya.

Yayarsa Torpekai ce ta raine shi tun rasuwar uwarsu, ta kuma tura shi birni ya karanta aikin injiniya. Da ya dawo sai ya lura karez, hanyar ruwan da kakanninsu suka haƙa ta ƙarƙashin ƙasa tun daga gindin dutse, ya fara tsagewa. Kullum da safe sai ya fita da igiya da ɗan littafi, yana awo daga wannan rijiyar karez zuwa waccan.

"Kai Baryalai, ka ajiye igiyar nan," in ji Torpekai. "A zamanin nan mai awo da igiya gonar mutane yake hari."

"Haba Yaya, ruwa nake aunawa. In ƙanƙarar kan dutse ta narke, wuri uku zai rufta. Duk na rubuta."

Ya je ya faɗa wa dattawa, amma ina! Haji Shirindil, mai rabon ruwa shekara talatin, bai ga dalilin da ɗan jiya zai koya masa karez ba. A ƙofar masallaci ya ce, "Rashawa ne suka turo shi. Yau igiya, gobe sojoji." Shi ke nan, aka yanke a binciki gidan bayan sallar Juma'a.

Tsoro ya kama Torpekai. Baryalai yana masallaci, sai ta hura tanderu, ta kwaso littattafansa kaf ta zuba, har da na awon. Da wutarsu ta gasa gurasa. Tana liƙawa tana kuka, don awarwaronta na aure ta sayar aka sayi rabinsu.

Mutanen suka zo, a al'adar ƙabilarsu kuma baƙo ba ya fita gidan Bapashtune da yunwa. Ta shimfiɗa musu, suka ci suka sha shayi, sannan suka birkice gidan. Ko takarda ɗaya ba su samu ba. Ta ce a ranta an tsira.

Haji ya shafa gemu. "Mai karatu, a ce ba littafi ko ɗaya? To lallai akwai abin da ake ɓoyewa."

Suka miƙa Baryalai ga masu bindiga na kan dutse, masu yaƙar gwamnati, wai tambayoyi kawai za a yi masa. Bayan kwana huɗu wani makiyayi ya kawo mata tabaransa, ido ɗaya a fashe.

Ƙanƙara ta narke, karez ya rufta. Aka yi wata guda ana tono a inda ba nan ba ne, alkama ta ƙone a tsaye. Ran nan da hantsi sai ga Haji a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa, ko kunya babu.

"'Yar'uwa, ɗan littafin nan na marigayi, Allah ya jiƙansa. Ko yana nan? Garin zai mutu."

Torpekai ba ta ko ɗaga labule ba.

"Ai kun cinye shi, Haji. Kai kam guda biyu ka ci, har ka ce ba ka taɓa cin gurasa mai daɗinta ba."