Madarar Masu Yankan Dutse

"Sauke ni a nan," in ji Furfura. "Ai ba buhun siminti ka ɗauko ba."

Dogo bai kula shi ba. Ya gyara masa zama a bayansa, ya ci gaba da hawa matakala, matar Dogon, mai ɗinki, tana biye da su da ledar magunguna da takalman mara lafiyar. Daga asibiti suke. Likita ya ce a kai shi gida ya huta, kuma kowa ya gane irin hutun da ake nufi.

Ƙofar Furfura tana kallon tasu a saman bene. Mutumin bai tsufa ba, ƙurar dutse ce ta ba shi sunan, don tun yana saurayi yake dawowa daga aiki kansa fari fat. A wurin da ake yanka fallayen dutse na daɓen ƙasa da kantar kicin, babu mai hannunsa. Lokacin da Dogo ya rasa aikin tuƙi, mai ɗinki ce da bakinta ta tsallaka ta roƙi Furfura ya ja shi wurin aikinsu. Har goron godiya ta kai. Yanzu in ta tuna sai ta yi da-na-sani.

Injin yankan yana da tiyo da ke zuba ruwa a kan faifan ƙarfen da ke yanka dutsen don ya kashe ƙura. Doka ta ce da ruwa za a yanka, kuma kowa ya sa takunkumi. Amma ruwa yana caɓa dutsen, ya wanke layin fensir, shi kuwa Furfura alfaharinsa ke nan a duniya, bai taɓa kauce wa layi ba. Sai ya naɗe tiyon ya ɗaure da waya, duk wanda ya koya a hannunsa ma haka ya tashi. Mai wurin bai ce uffan ba, tunda aiki ya fi sauri. Ranar da jami'an duba wuraren aiki za su zo ne kawai ake kwance waya, a zaro takunkumai daga kwali sababbi ful. Maganin ƙura kuwa suna da nasu: in an tashi aiki, kowa ya huda gwangwanin madara ya shanye, wai tana wanke ƙirji.

Mai ɗinki tana tsaye a asibiti lokacin da matar Furfura ta tambayi likita ko a ƙara masa madara. Likitan ya cire tabarau ya murza idanu.

"Baiwar Allah, madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu. Ba sa ma haɗuwa a hanya."

Mai ɗinki ta faɗa wa Dogo wannan magana a gida, ya yi dariya ya ce likita bai taɓa riƙe inji ba. Mutum ɗaya tak Dogo yake jin maganarsa a kan aiki, shi ne kuma aka jingine da matasai a ɗakin da ke kallon nasu.

Washegari da hantsi mai ɗinki ta shiga wurin Furfura da rigar da ta rage masa, don duk kayansa sun yi masa yawa. Matarsa ta fita shanya. Yana zaune, don kwanciya ta daina yiwuwa, kafaɗunsa na ɗagawa da kowane numfashi.

"Yaya, alfarma na zo nema."

"Ke kuma? Wancan roƙon naki... ai har yau... ban huta ba."

Ta yi murmushin dole. "Ka ce wa baban yara ya kwance tiyon nan. Ni na faɗa har na gaji. In kai ka faɗa zai ji."

Ya kawar da kai. Ta ga ransa ya ɓaci, ta kuma ji tausayinsa ya kama ta, don ta san abin da take nema ba ƙarami ba ne. So take ya tsaya gaban mutanen da ya koyar ya rushe abin da suke girmama shi a kai.

"Ƙanwata," ya ce, "kin iya zaɓen lokaci."

"Lokacin ne ya zaɓe ni, Yaya. 'Ya'yana ƙanana ne."

Ta ninke rigar ta ajiye a gefensa ta fita.

Ran hutu abokan aikinsa suka zo dubiya, suka cika ɗakin da hayaniya da ƙanshin sabulu. Kowa da gwangwanin madararsa a leda, aka jera su a kan tebur. Wani gajere da ake kira Ƙusa ya huda ɗaya ya miƙa masa.

"Sha, maigida. Sati mai zuwa muna jiranka. Layin Dogo har yanzu kamar tafiyar maciji."

Aka yi dariya. Furfura ya ture gwangwanin da bayan hannu, madara ta zuba a kan zanen gado. Mai ɗinki tana bakin ƙofa tana kallo.

"Ku kwance wayar nan," ya ce. Ya tsaya ya nemo numfashi. "Ku yanka da ruwa. Ku rufe hancinku. Wannan abin..." ya nuna tebur, "ba ya komai. Kai nake wa magana, Dogo."

"To, maigida," in ji Dogo, kansa a ƙasa.

"To, to," sauran suka amsa, da irin muryar da ake lallashin yaro.

A matakala ta ji Ƙusa yana cewa, "Allah sarki. Ciwo ya taɓa masa kai."

Kwana biyu bayan nan Furfura ya cika, da safe, ana sharar tsakar gida. Matarsa ce ta leƙo ta ce, "Zo ki taya ni, ya yi shiru." Suka tarar da shi yadda yake a zaune, haɓarsa a ƙirji, kafaɗun sun daina ɗagawa. Mai ɗinki ta zare matasan ɗaya bayan ɗaya, suka miƙar da shi. Rabon bayansa da katifa an yi watanni. Mai ɗinki ta yi kuka sosai, na shi da na kanta.

Mai wurin ya zo gaisuwa da babbar mota, ya yabi mamacin, ya ce ba za a sake irinsa ba. Kafin ya tafi ya ja Dogo gefe. Da Dogo ya dawo, fuskarsa ta kasa ɓoye murna: an ba shi babban inji, gurbin Furfura.

Mai ɗinki ta bari sai da aka watse. "Za ka kwance tiyon?"

"Haba, uwar yara. Ranar farko a babban inji in fara ɓata wa mutane dutse?"

"A gabana ka ce masa to."

"Me zan ce wa mutum yana wannan hali? Wanda ya koya mini aiki da ƙafafunsa yake tsaye. Na kwancen nan ciwo ne ke magana." Ya dafa kafaɗarta. "Kar ki damu. Ni ai ba na wasa da madara."

Ta zame kafaɗarta daga hannunsa ta shige ɗaki.

Washegarin ranar da ya fara aiki a babban injin, ta jiƙa kayansa a baho kamar kullum, sai wata mai kaya ta zo karɓar ɗinki, suka shagala. Bayan ta shanya ta tsiyaye ruwan, ta manta bahon a rana. Da la'asar ta zo ɗauka, ta tarar da farin garin dutsen da ya fita daga kayan ya kwanta a gindinsa, ya bushe, ya kama roba. Ta sa farce ta kankara, bai motsa ba. Ta tsuguna a wurin, bahon a kan cinyarta, tana ta kankara.