Ambato Dubu Huɗu da Ambato Bakwai

Ran Talata da hantsi Yaya ya turo wa Auta hoton wani jeri a waya, ya biyo da kira tun ba ta buɗe ba. Jerin manyan masana injiniyanci ne na duniya, waɗanda ake jerawa bisa yawan ambaton da sauran masu bincike suka yi wa rubuce-rubucensu. Can a tsakiya ga sunan Babansu, da ambato dubu huɗu a gabansa.

"Ran Asabar za mu tara dangi," in ji Yaya. "Na ma ba da a sa shi a firam."

Auta a laburaren jami'a take aiki, kuma tun tana yarinya ba ta iya ganin tukunya a rufe ba ta ɗaga murfin ba. Ta yi murna ƙwarai, amma abin ya tsaya mata a rai. Shekarar Baba goma sha biyar da ritaya, takardun bincikensa duka-duka biyar ne, yanzu kuwa ba abin da yake bincike sai dalilin da tumatirinsa ya ƙi 'ya'ya. Ina ya samo ambato dubu huɗu?

Ta jawo kwamfuta ta shiga tono. Kusan duk ambaton a kan takarda ɗaya ne, wadda ya rubuta yana matashi kan saurin da kankare ke yin ƙarfi. Ta buɗe na farkon masu ambaton, ta buɗe na biyu. Kafin ta kai na ashirin shayinta ya huce. Babu mai yabo ko ɗaya. Kowa cewa yake a guji kuskuren wannan takarda: tankin da aka jiƙa tubalan gwaji yana jingine da bangon ɗakin janareta, ruwan ya yi ɗumi, tubalan suka yi ƙarfi da wuri, mai binciken ya zaci haka kankare yake. Ashe na'urar ƙirga ba ruwanta da yabo ko suka, da ta ga suna sai ta ƙara ɗaya.

Tsoro ya kama Auta. In ta yi shiru, wani daga cikin tsofaffin abokan Baba na iya fasa ƙwan a gaban dangi. In ta faɗa, ita ce ta ɓata wa tsoho rai.

Da la'asar ta same shi a ɗakinsa, ƙofar tokare da wani tsohon tubalin kankare mai lamba a jiki. Ta gaishe shi, ta tambayi tumatir, ta tambayi gwiwa.

"Ke Auta, faɗi abin da ya kawo ki. Tun kina ƙarama ba ki iya kewaye-kewaye ba."

Ta faɗa, idonta a kan tubalin. Baba ya yi dariya har da tari.

"Tankin janareta! To wa kike zaton ya gano shi?"

"Ban duba ba, Baba."

Ya jawo durowa, ya fito da wata takarda da gefenta ya yi ja don tsufa. "Ni ne. Bayan shekara biyu na ga lissafina ya ƙi dacewa da wata gada da ake ginawa. Wata tara ina tsoma ma'aunin zafi a ruwan nan kowace safiya, Mamanku tana cewa na ƙulla abota da tanki. Na rubuta da hannuna cewa na yi kuskure, ga kuma lissafin daidai. Ita ambatonta nawa a na'urar taku?"

Auta ta tuna ta ga takardar a can ƙasan shafi. "Bakwai."

"Biyu daga ciki ma ni ne." Ya sake darawa, sannan ya dube ta ta saman tabarau. "Ke kin karanta ta?"

"A'a, Baba."

Dariyar ta ɗauke. Ya shafa takardar a kan cinyarsa yana miƙar da kusurwar da ta lanƙwashe. Kunya ta rufe Auta, don takardun baƙi ashirin ta bi layi-layi a ranar.

Wayarta ta yi ƙara, Yaya ne, wataƙila kan maganar firam. Ta kife ta, ta jawo kujera kusa da Baba, ta karɓi takardar da hannu biyu. Ta fara karantawa a bayyane tun daga taken, Baba yana gyara mata kiran lambobin.