Rigar da Ake Lasa

A shagon ɗinkin yayyenta biyu, aikin Auta shi ne haɗa shayi da manna duwatsun ado a kan riguna. Sun yi mata alkawarin hawa keken ɗinki in ta yi wata guda ba ɓarna.

Ran nan Yaya Babba ta shigo da ɗan gwangwani cike da ƙwayoyin zaƙi, farare ƙanana.

"Na ji a rediyo, masana sun bincika, wannan na rage ƙiba. Ni da sukari har abada!"

"Ni kuwa a waya na gani," in ji Yaya Ƙarama. "Wasu masanan sun ce yunwa yake sa wa, ki ci abincin mutum uku."

"Masananki ba su ƙoshi ba ne."

"Naki kuma a tsaye suka yi barci."

Suka auna ƙugu da tef, suka rubuta a bango. Wata ɗaya, Babba ƙwaya, Ƙarama sukari, a ga mai gaskiya.

Kwana uku da farawa, gwiwar hannun Auta ta ture gwangwanin, ya juye cikin farantin fararen duwatsu. Ta buɗe baki za ta faɗa, ta kalli keken, ta rufe. Tun daga ranar sukari take zuba wa kowa, cokali bibbiyu.

"Kin ji? Ko a harshe ya fi sauƙi," Yaya Babba kan ce tana kurɓa.

Wata ya cika, aka ɗauko tef. Babba ta ragu da inci ɗaya, ta yi guɗa. Ƙarama ma ta ragu da inci ɗaya, ta ce tef ɗin ne ya miƙe. Suna cikin musu sai ga wata malamar makaranta, riga a hannu, yaro a goye.

"Sannunku da aiki. Wane irin dutse kuka sa mini? Yayyafi kaɗan, rabin adon ya narke. Sauran kuma yaron nan ya hana ni sakat, sai lasar kafaɗata yake yi!"

Yaya Ƙarama ta ɓamɓaro ɗaya ta ɗora a harshe. A hankali ta juyo.

"Auta. Me Yaya take sha wata guda?"

"Irin naki," in ji Auta, murya kamar ta sauro.

Ƙarama ta yi dariya har ta zame daga kujera. Babba ta dubi bango, ta dubi ƙugunta.

"To wa ya ci?"

"Yaron," in ji malamar.

Aka ɗaga maganar keke zuwa wani watan. Washegari da safe Auta ta kawo musu shayi ba komai a ciki, ta ja farantin gabanta, ta zauna tana lasar duwatsun ɗaya bayan ɗaya, masu zaƙi dama, marasa zaƙi hagu.