Zaman Makokin Mama Talatu

Muna cikin juya ta ne ta buɗe ido. Inna Abu na riƙe da kafaɗunta, ni ina riƙe da ƙafafu, Tani maƙwabciyarmu kuma tana jan tabarmar a hankali don fuskarta ta kalli gabas.

"Ina za ku kai ni?" in ji Mama Talatu. Sai da na sunkuya sannan na ji ta.

"Babu ko'ina. Kwanciya muka gyara miki," Inna Abu ta ce.

Mama Talatu ta dubi bango, ta dubi ƙofa, ta gane. Sai ta yi murmushi.

"Abu, alƙibla kika nuna min? To, ba komi. Dut inda kunka juya ni, Ubangiji shina nan."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata a Shagari. Mutuniyar ƙasar Zuru ce, kuma ita kaɗai ce Kirista a unguwarmu. Ta zo da mijinta Ɗanjuma, mai gyaran famfon burtsatse, tun ba a haife ni ba. Ba su samu haihuwa ba. Da ya rasu danginta suka zo tafiya da ita, ta ce musu a nan Ubangiji ya ajiye ta, kuma bai ce ta tashi ba tukuna. Daga baya su ma suka ƙare ɗaya bayan ɗaya.

Aikinta jinya, amma ba a asibiti ba. Duk ciwon da mutane ke toshe hanci a kansa, nan za ka same ta. Shekarar da amai da gudawa suka shigo unguwa, mahaifiyata na cikin waɗanda suka kwanta. Mata suka riƙa gaishe ta daga bakin zaure. Mama Talatu ce ta shiga ɗakin, ta wanke ta, ta wanke zannuwan, ta zauna da ita har ta cika. Ko goro ba ta karɓa. Idan aka matsa mata sai ta ce, "Yesu ya yi min abin da ya hi wannan." Ranar Lahadi kuma ta ɗaura farin kallabi ta hau mota zuwa cocinsu a Bodinga.

Bara ta tare a Lambara wajen wata tsohuwa mai tari da aka ware a bukka bayan gida. Tsohuwar ta rasu, Mama Talatu ta dawo da tarin. An ba ta magani ta sha, amma jikin ya riga ya gaji. Tun da ta kwanta nake kai mata kunu. Ni ba mai magana ba ce, ko a gidanmu sai a manta ina nan. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai: kada matar nan ta cika babu kowa a kanta.

Da safen nan numfashinta ya canza, shi ya sa na ruga na kira Inna Abu mai daddawa. Ita ce babbar ƙawarta. Kullum suna faɗa a ƙofar gida, wannan ta ce "Badakkariya mai taurin kai", waccan ta ce "mai warin daddawa", sannan su ci tuwo a kwano ɗaya.

Da muka gama gyara kwanciyar, Inna Abu ta durƙusa, ta kai bakinta kusa da kunnenta, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya zo gargara.

"Talatu, ki bi ni ki hwaɗi. La ilaha illallah."

 Tani ta matso, ita ma ta fara maimaitawa a hankali. A tsakar gida mata sun taru, ina jin ƙarar takalmansu.

"Talatu, kina ji na?"

"Ina jin ki, Abu. Ko kurma ya ji ki."

"To ki hwaɗi mana!"

"Na san abin da kika kawo min," Mama Talatu ta ce, tana hutawa tsakanin kalmomi. "Ba ki da abin da ya hi shi daraja, shi kinka ɗauko. Na gode. Amma raina guda na, Abu. Na ba Yesu shi tun ina budurwa. Ba ni da wani."

"Ke kinka wanke mu dut, da kashinmu da amanmu," Inna Abu ta ce. "Ke kinka karɓi haihuwar ɗana Maniru sa'adda kowa ya ce ba ni tashi. Yanzu in zuba ido ki tahi hakanan? Don girman Allah, Talatu. Sau guda."

"In na hwaɗa don ki ji daɗi, na yi miki ƙarya. Kin taɓa jin na yi miki ƙarya?"

"Kin ce daddawata ba ta da daɗi."

"Wannan gaskiya ta."

Tani ta yi dariya ba ta shirya ba, ta rufe baki da mayafi. Inna Abu ba ta yi ba. Ta sake roƙo, ta kuma sakewa, har hawaye suka jiƙa wuyan rigarta. Mama Talatu ta ɗaga hannu tana neman nata, amma Inna Abu ta riga ta miƙe, tana dafa gwiwa.

"Ba ni iya gani," ta ce. "Wallahi ba ni iyawa."

Ta fita. Tani ta ɗan tsaya, ta dube ni, ta bi bayanta. Na ji ana magana ƙasa-ƙasa a tsakar gida, sai takalman suka fara raguwa. Ba na jin ƙiyayya ce ta kore su. Abu ɗaya suka sani da ake yi a kan mai mutuwa, an ƙi karɓa, ba su san inda za su sa hannuwansu ba.

Ni ma ban sani ba. Ɗakin ya yi min girma. Gadon ƙarfe da ta daina hawa, kwanuka a jere, ƙaramin gicciye na itace a bango, ƙuda ɗaya yana ta bugun taga. Ƙafafuna suna son ƙofa. Can sai na ji muryar mahaifina, Malam Badaru, ta bayan katanga.

"Basira!"

"Na'am, Baba."

"Kina nan?"

"Ina nan."

Na ɗauka cewa zai yi in fito.

"Ki riƙa jiƙa mata baki da ruwa," ya ce. Na ji tafiyarsa.

Mama Talatu ta nuna wayarta da ido, ta ce in kira fasto. Ban taɓa kiran baƙon namiji a waya ba. Da ya ɗauka ya yi ta cewa "Wa ke magana?" Da ƙyar na ce, "Mama Talatu ce. Ku zo." Ya ce yana wani ƙauye bayan Kajiji, ruwan jiya ya cinye hanya, amma ga shi nan tafe.

"Bai iso ba, ko?" ta ce bayan an jima.

"Yana hanya, Mama."

"Kar ki damu. Wanda ya aiko shi ya riga shi zuwa."

Na tsoma tsumma a kofi na goga mata a leɓe. Sannan na yi ƙarfin hali.

"Mama, ku mi aka ce muku in lokaci ya yi? Ban iya ba."

"Ba sai kin ce komi ba, ɗiyata. Ba ni hannunki."

Na ba ta. Hannunta ya bushe, duk kanta ce ta wanki. Ta rufe ido ta fara addu'a. Na ɗauka kanta za ta roƙa wa, sai na ji tana kiran sunayen mutanen unguwa. Ta fara da Abu, ta ce Ubangiji ya sanyaya mata zuciya, ya kuma duba gwiwar nan tata. Ta ambaci Tani, da Mode mai shayi wanda matarsa ke da tsohon ciki, da mahaifina. Ta ce, "Ga Basira kuma, ka ba ta wanda zai saurare ta." Na sunkuyar da kai ko da yake idonta a rufe yake.

Daga nan ta ɗauko waƙar da takan yi in tana wanki, wadda na tashi ina ji ta kan katanga. Ta yi baiti ɗaya, numfashi ya yanke. Ta sake gwadawa, leɓe na motsi babu sauti. Na ga goshinta ya tattare, kamar mai son ɗaga tulu ya fi ƙarfinta.

Ban san lokacin da na karɓa ba. Ban faɗi kalmomin ba, don ba nawa ba ne. Da baki a rufe na bi muryar waƙar, a hankali, ina jin kunyar bango. Goshinta ya saki. Ta matse hannuna kaɗan, na ci gaba. In na kai ƙarshe sai in koma farko.

Ana kiran azahar hannun ya yi nauyi a cikin nawa. Na jira numfashi na gaba, bai zo ba. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na shafa idanunta na rufe, na ɗaure haɓarta da kallabi kamar yadda na ga ta yi wa mahaifiyata, na ja zane na lulluɓe ta. Ban fita na faɗa wa kowa ba. Na zauna ina kore ƙuda da mafici, don in na fita babu wanda zai zauna.

Bayan la'asar faston ya iso, wandonsa duk taɓo, tare da mata biyu na zumuntar cocinsu a cikin a-kori-kura. Ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hula.

"Ita kaɗai ce?" ya tambaye ni.

"A'a," na ce. "Ina nan."

Matan suka yi mata wanka suna waƙa. Mahaifina da Mode da wasu maza suka kama aka sa ta a mota. Motar ta ɗauki hanyar Bodinga. Mata suna leƙe ta zaure, ban ga Inna Abu a cikinsu ba.

Washegari da hantsi na shiga gidan don in ba awakinta dusa. A unguwarmu in an yi rasuwa dangi ne ke shimfiɗa tabarma a zo a yi musu gaisuwa. Nan babu dangi, saboda haka babu wanda ya shigo. Ina zuba dusar na ji jan ƙafa a zaure. Inna Abu ce, da tabarma a hammata, idanunta sun kumbura.

Ba ta dube ni ba. Ta shimfiɗa tabarmar a inuwar ɗakin, ta zauna da ƙyar, ta miƙe ƙafar mai ciwo. Na wanke hannu na zauna a gefenta. Muka daɗe haka, ana ta wucewa a waje da kaya zuwa kasuwa.

"Ta sha wuya?" ta ce.

"A'a, Inna. Ta yi miki addu'a. Har da gwiwarki."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta suka yi ta motsi. Da ta buɗe sai ta juyo gare ni, kamar yadda ake juyowa ga 'yar mamaci.

"Basira, ya haƙuri?"

"Da godiya, Inna," na ce. "Ya namu haƙuri?"

Ta gyaɗa kai. Inuwa ta janye daga ƙafafunmu, muka ja tabarmar muka matsa jikin bango.