Almakashi a Kan Atamfa

Shekara goma sha ɗaya Rakiyatu, mutuniyar Maraɗi, ta yi tana sayar da atamfa a kasuwar Assihar, can arewa a ƙasar Larabawa. Tun daga nesa take bambance mai kyau da jabu. Ita ta ɗauko ƙanenta Isufu daga gida, ta koya masa awon yadi da bakin ciniki.

Cikin azumin 1999 hawan jini ya kayar da ita a bakin rumfa. Kwana tara ta yi a asibiti, ta fito da ƙafarta, bakinta garau. Amma ranar da ta koma kasuwa, ta ajiye almakashi a kan wata atamfa mai zanen ganye, ta waiwaya, ta neme shi ta rasa. Ga shi kuwa a gabanta. Tana ganin hasken ƙarfe, tana ganin kore da ja, sai dai duk sun cakuɗe kamar an dama su a ƙwarya ɗaya. Da hannu ta lalubo shi.

Suka koma wurin likita, wani Balarabe, Isufu yana yi mata tafinta. Likitan ya ɗora cokali a kan farar takarda.

"Cokali ne," in ji ta.

Ya mayar da shi kan ɗankwalinta mai zane. Ta duba, ta kasa gane shi.

"Idonki ba abin da ya same shi," in ji likitan. "Shi hoto kawai yake ɗauka. A can ƙeya akwai jijiyoyin da ke shata iyaka, su ce nan abu ya ƙare, nan abin da ke bayansa ya fara. Su ne jinin ya lalata."

Da maƙwabtan rumfa suka tambayi Isufu, sai ya taƙaita musu: "Ido lafiya lau. Ƙwaƙwalwa ce ta taɓu."

Kafin la'asar, kasuwa duk ta ɗauka Rakiyatu ta samu taɓin hankali.

A gida ta gano cewa muddin abu yana kan farin ƙyalle, tana ganinsa sarai. Ta naɗe farin yadi, ta bi bango har rumfa.

"Isufu, shimfiɗa mini wannan a kan tebur. Zan iya aikina."

"Yaya, ki je ki huta. Mutane tsoro suke ji."

"Tsoron me? Wa na taɓa ciza?"

Wata murya ta ce, "Sannu, Yaya." Barira ce, matar Isufu, zaune a kan kujerar Rakiyatu. Atamfa ce a jikinta, atamfa a rataye bayanta, shi ya sa Rakiyatu ba ta gan ta ba sai da ta yi magana.

Bayan ƙaramar salla Isufu ya sa ta a motar kaya mai zuwa Agadas, daga can ta wuce Maraɗi, ya ce iskar gida za ta fi mata.

Labari ya riga ta isa Maraɗi. 'Yan'uwa suka tare ta da sanyin murya, suna janye yara daga kusa da ita. Ɗakin da aka share mata, da ta shafa ƙofar, ta ji sakatar a waje aka kafa ta.